Shekarar da Goshina Ya Koma Ƙasa

Da sunan Allah nake ci gaba, Shi da yake ba da lafiya, ya karɓa, ya kuma mayar da abin da ya ga dama. 'Ya'yana, wannan babin na daɗe ina jinkirta shi, don ina son zuciyata ta huce sosai kafin in ɗauki alƙalami. Na san abin da kuka taso kuna ji a unguwarmu ta Bukan Sidi, wai an cire babanku daga matsayin na'ibin liman saboda ya bi Kirista salla a filin ƙwallo. Wasu ma cewa suke rawa aka same ni ina yi da matan kasuwa. Ban taɓa tsayawa musu da kowa ba, amma ku haƙƙinku ne ku ji yadda aka yi. Da ajami nake rubutawa kamar sauran babukan. Duk wanda zai juya shi zuwa boko a cikinku, idan ya zo kan maganar Saja Bulus kada ya gyara masa ita. Haka Hausarsa take, kuma da ita ya yi mini alheri.

'Yan shekaru bayan an ba mu jiha, Lafiya ta cika da ma'aikatan da aka dawo da su daga Jos, kowa kuma yana son babbar riga ta zuwa taro. Ni kuwa sana'ata ɗinkin hannu ce, wadda na gada wurin kakanku. Aiki ya yi yawa, sai ya zama daga hantsi har magariba ina zaune a zaure, ba na tashi sai salla. Wata rana bayan azahar allura ta suɓuce mini, na kai hannu zan ɗauka, hannun ya ƙi zuwa. A asibiti aka ce hawan jini ne ya taɓa mini ɓarin hagu. Allah ya taƙaita, baki ya dawo, hannu ya dawo, amma ƙafar ta sandare, gwiwa ta ƙi lanƙwasawa. Na koma salla a kan kujera, ina sunkuyar da kai a maimakon sujada. Na san shari'a ta yarda, ni kaina na sha karantar da hukuncin ga marasa lafiya. Amma tun ina yaro ban taɓa wuni goshina bai taɓa ƙasa ba, ga shi yanzu watanni suna wucewa ina kallon ƙasar daga sama. Kuma tun da mai zaune ba ya jan masu tsaye, Liman ya sa Malam Hadi, wanda a gabana ya yi karatu, ya riƙe mini wurin na'ibi kafin in warke.

Likita ya nuna mini yadda zan riƙa motsa ƙafar a gida. Na gwada, Allah ya sani. In riƙe bakin turmi a tsakar gida, in ɗan sauka, gwiwa ta ce a'a, ni kuma in ce to. Babu mai kallo, babu mai cewa ƙara. Mahaifiyarku tana gani ta bakin madafa, har ranar da Ladi mai gishiri ta zo. Ladi 'yar ƙabilar Alago ce, daga garin Keana take kawo gishiri kasuwa, ta daɗe tana kawo wa gidanmu. Ta leƙo ta gan ni a kujera, sai ta juya wurin mahaifiyarku, ta ɗaga murya yadda zan ji.

"Maman Hadiza, wannan mijin naki ba ciwo zai gama da shi ba, zama ne. Ni nan da kike gani, bara bayana ya riƙe, ko kwano ba na iya ɗauka. Saja ne ya miƙe ni."

"Wane Saja kuma?" in ji mahaifiyarku.

"Saja Bulus, tsohon soja. Kullum da safe muna filin nan na bayan firamare. Ba a biyan ko sisi. Tsofaffi ne fal, har masu sanda."

Na ce daga inda nake zaune, "Ladi, da gemuna zan je in yi tsalle a fili?"

Ta ce, "Baba Malam, gemun ne zai yi tsallen ko ƙafa?"

Da ta tafi, mahaifiyarku ta kawo mini fura, ta zauna nesa kaɗan. Ta ce, "Malam, jiya da asuba na ji ka. Ka ɗauka barci nake." Ban tambaye ta abin da ta ji ba, na san kukana ne. Washegari ta sa aka sayo mini takalmin kambas a kasuwa, ta ajiye a bakin ƙofa.

Filin ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Ƙasa ce ja da ciyawa tsilli-tsilli, itatuwan mangwaro a gefe, titi ta yamma. Bayan sallar asuba na dogara sanda na isa. Na tarar da mutane kala-kala: ma'aikatan gwamnati masu tumbi, matan kasuwa da zane a ɗaure bisa wando, wani tsohon direba ɗan ƙabilar Tibi, wata malamar asibiti, da Ladi tana ta surutu. Saja Bulus gajere ne, ɗan ƙabilar Eggon, kansa fari fat, da usur a wuya. Mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa. Ya zagaye ni yana kallon ƙafar kamar mai sayen akuya.

"Baba Malam, kana Lafiya kuma ba ka da lafiya? Wannan ƙafa bai mutu ba, fushi ne ya yi. Me kana so ya yi maka? Gudu?"

Na ce, "Ba na son gudu, Saja. So nake in kai goshina ƙasa in tashi da kaina."

Ya kalle ni, sannan ya ce, "Wannan aiki ne. Amma za mu yi shi."

Abin da na kasa ni kaɗai a tsakar gida, a filin nan ya fara yiwuwa, kuma ba don Saja ya fi likita sani ba ne. Mutanen ne. Idan na tsaya, direban nan ya ce, "Malam, injinka ya mutu ne mu tura?" Idan na makara, Ladi ta ce ai ta ɗauka na koma kujera. Ran da ban zo ba saboda ruwan sama, malamar asibitin ta biyo ta gida ta auna ni kafin ta wuce aiki. Mutum yana jin kunyar ya karaya a gaban waɗanda suke nishi tare da shi. Cikin 'yan makonni na ajiye sanda a gindin mangwaro, ina zagaya filin da ƙafata.

To ga yadda muke tsayuwa, don a nan maganar take. Saja, da yake soja ne, layi-layi yake jera mu. Yana sa mu ba titi baya don kada masu wucewa su riƙa kallon fuskokin mata, wato ke nan gabas muke fuskanta. Shi kuma idan zai nuna motsi sai ya tsaya a gaba ya juya mana baya, don hannunsa na dama ya yi daidai da namu. Umarninsa da Turancin bariki yake bayarwa, ni kuwa ba na ji, kullum sai kowa ya sunkuya sannan in waiga in ga abin da ake yi. Wata safiya, yana son ya sauƙaƙa mini, sai ya tuno kalmomin da ya saba ji wurin abokansa Musulmi a bariki. Ya busa usur ya ɗaga murya, irin muryar da ake ji daga ƙarshen fili.

"Baba Malam, ruku'u! Riƙe gwiwa! Kowa ya yi ruku'u! Oya, yanzu mu tafi sujada, sannu sannu!"

Na miƙe tsaye ban bi ba. Da aka tashi na ja shi gefe na ce masa waɗannan kalmomi ba na fili ba ne, na gaban Ubangiji ne, ba a kiran su sai a wurinsu. Ya dafe kai.

"Wayyo, Baba Malam, ban sani ba. Na ce bari in yi maka da yaren da ƙafanka ya sani."

Bai sake faɗa ba, ko sau ɗaya. Amma a bakin titi akwai mai shayi, kuma a bencinsa akwai mutanen unguwarmu. Abin da suka gani shi ne sahu-sahu ana fuskantar gabas, maza da mata a haɗe, Kirista a gaba, ana kiran ruku'u, na'ibin limaminsu a ciki. Ban ce sun yi ƙarya ba. Abin da ido ya gani ke nan daga titi. Kafin azahar magana ta kai kasuwa, kafin la'asar ta dawo unguwa ta yi kiɓa.

Yayana, Yaya Sale, wanda kuke kira Baba Babba, shi ya fara zuwa. Tun rasuwar kakanku ni da shi muke cin tuwon dare a ƙofar gida, kwanonsa da kwanona. Ranar bai zo da kwano ba.

"Ashe abin da ciwo ya rage maka na hankali, fili ka kai?"

"Yaya, zauna in gaya maka yadda aka yi."

"Na ji yadda aka yi. Ubanmu ya bar Zazzau ya zo garin nan da allura da allo, babu wanda ya taɓa nuna shi da baki. Idan motsi kake so, ga tsakar gida. Wa ya hana ka?"

Na ce, "Na yi tsakar gida, Yaya. A can gwiwa ce take ba ni umarni."

Ya ce, "To yanzu Saja ne yake ba ka." Ya kaɗa riga ya tafi.

Bayan kwana biyu Liman ya aiko a kira ni. Dattijo ne mai haƙuri, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya saurare ni har na gama, yana jan carbi. Ya ce ya yarda da ni, ya san babu niyyar salla babu salla, motsa jiki kuma ba laifi ba ne. Amma ya ce jama'a ba a zaurensa suke ba, ba su ji abin da ya ji ba, kuma tuni wasu sun ce idan na dawo gaba za su koma wani masallaci.

"Malam Iro, ga abin da zan iya. Ka bar filin nan, magana ta mutu, wurinka yana nan yana jiranka komai daɗewa. Idan kuwa ka ci gaba, dole in tabbatar da Hadi, don kada sahu ya rabu a kaina."

Na ce, "Allah gafarta Malam, idan na bar fili, da wace ƙafar zan dawo wurin?"

Ya ce, "Allah ne mai warkarwa."

Na ce, "Haka ne. Kuma Shi ya nuna mini inda ya ajiye maganin."

Ya ce in je in yi tunani. Na fito ina jan ƙafa, kuma kada ku ɗauka abin bai yi mini nauyi ba. Na'ibancin nan shekaru na yi ina riƙe da shi, shi ne ake kirana ɗaurin aure da suna saboda shi, shi ne mutuncin da nake fatan in bar muku. Na auna, na sake aunawa. Idan na zauna a gida, za a ci gaba da ce mini na'ibi, ina kan kujera a ƙarshen sahu, suna kawai. Idan na koma fili, sunan ya tafi, amma wataƙila in sami sujada. Na tambayi kaina wanne aka wajabta mini, tsayuwa a gaban mutane ko faɗuwa a gaban Allah. Da na sa tambayar haka, sai ta amsa kanta. Na gaya wa mahaifiyarku. Ta daɗe tana tsince shinkafa ba ta ɗago ba, don ita ma an fara yi mata habaici a gidan biki. Can ta ce, "Kambas ɗin na wanke, yana kan katanga."

Da na isa fili washegari, sai na ga ba a yi layi ba. Labari ya riga ni zuwa. Saja ya tare ni, ya cire hularsa.

"Baba Malam, bakina ne ya yi wannan, ba goshinka ba. Zan je wurin Liman da kaina."

Ya kuwa je. An gaya mini ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa a zaure ya yi bayani da Hausarsa, Liman ya sa masa albarka ya ba shi goro. Amma abin da aka yanke an yanke, ranar Juma'a aka sanar da naɗin Malam Hadi. A fili kuwa Ladi ce ta karɓe ragama. Ta ce daga yau babu layi, da'ira za a yi, kowa yana kallon kowa, duk mai son gani daga titi ya zo ya nuna mata gabas a cikin da'ira. Ta kuma ce Turancin Saja ya isa haka, kowane motsi a sa masa sunan aikin da muka sani. Sunkuyawa da riƙe gwiwa ta zama kwasar gishiri. Sauka da tashi ya zama huɗar doya, direban nan ne ya raɗa. Ɗaga hannu sama ya zama tsinkar mangwaro. Sai ka ji Saja da muryar fareti yana cewa, "Kwasan gishiri! Ladi, kai ne mai gishiri kuma kai ne ba ka kwasa!" Ma'aikatan nan masu tumbi suna dariya har suna riƙe ciki. Ni ma na yi dariya, karo na farko tun da na kwanta.

Damina ta wuce muna haka. Saja ya ware ni, bayan kowa ya watse sai mu tsaya a gindin mangwaro inda akwai wani benci. Ya koya mini sauka daki-daki: hannu a benci, gwiwar dama ta fara isa ƙasa, ta hagu ta biyo ta a hankali. Ran farko da gwiwar hagu ta taɓa ƙasa na ji kamar an soka mini allurar ɗinki har ƙwaƙwalwa, hawaye ya zubo ba da izinina ba. Ya ce in tashi, mu sake. Sauka ta zo kafin tashi, tashin ne ya ci mana watanni. Na sha faɗuwa gefe guda, ya ɗago ni, ya kakkaɓe mini riga yana cewa soja ma yana faɗuwa. A unguwa kuwa gaisuwa ta ragu. Masu kawo ɗinki wasu sun ɗauke ƙafa. Yara suna ganina da kambas su ce ga Malam mai fareti. Yaya Sale idan mun haɗu sallama kawai, in amsa, ya wuce. Wannan ya fi komai ci mini rai, amma kowace asuba ina idar da salla sai in ɗaura kambas.

Wata safiya bayan an cire amfanin gona, na sauka ba benci, hannuwana biyu a ƙasa, na fara kai kaina. Saura kamar tafin hannu tsakanin goshina da ƙasa, sai na ji hannun Saja a kafaɗata.

"Tsaya nan, Baba Malam. Kar ka sa shi a nan. Wannan ba na fili ba ne, kai ka gaya mini. Ka kai ma Mai shi."

Na tashi da kaina, ba tare da ya taɓa ni ba. Muka tsaya muna kallon juna, tsofaffi biyu.

Na'ibanci bai dawo ba, kuma ban nema ba. Malam Hadi ya riƙe shi da kyau, har ya gaji Liman, kun sani. Abin da na je nema shi nake ba ku labari. Ranar ban gaya wa kowa ba, ko mahaifiyarku. Da aka kira la'asar na yi alwala na tafi. Masallacin ya cika, sai na tsaya a sahun waje, inda babu tabarma sai yashi. Wani yaron kirki ya yunƙura zai kawo mini abin zama, na yi masa alama ya bari. Malam Hadi ya ta da kabbara, na bi shi a tsaye. Da aka zo sujada mutane suka riga ni sauka. Gwiwar dama, sannan ta hagu, sannan hannuwa. Yashin yana da ɗumin rana. Da goshina ya same shi, tasbihin da na yi shekaru ina karantar da yara ya fito tare da kuka. Aka ɗago, na ɗago. Aka koma, na koma. Aka miƙe raka'a ta biyu, na ɗan makara, amma na miƙe, babu hannun kowa a jikina. Haka har aka sallame.

Ina zaune ina addu'a mutane suna watsewa, wasu suna satar kallona, sai na ga ƙafafu sun tsaya a gabana. Na san takalman. Yaya Sale ne, ashe a sahun bayana yake. Ya daɗe a tsaye, kamar mai neman abin da ya yar.

"Iro."

Rabon da ya kira sunana tun ranar da ya kaɗa riga.

"Na'am, Yaya."

"Akwai ƙasa a goshinka."

Na ɗaga hannu zan share, sai ya riƙe mini wuyan hannu.

"Bar ta," in ji shi. "Mu bi ta kasuwa, kowa ya gani."